Akuyar Hajja da Mai Girkin da Aka Baro a Sama

Mijina ya rubuta littattafai sun fi saba'in, kuma ko ɗaya babu wanda labarinsa ya faru a doron ƙasa. Shi kansa bai san yawansu ba. In ka tambaye shi sai ya ɗaga kai ya kalli silin kamar can aka jera su, ya ce, "To, akwai dai." Ni da nake share ƙarƙashin gado na san akwai ɗin, don kwalayensu sun hana ni wurin ajiye ko takalmi.

Labaran kumbo yake rubutawa. Mutane su shiga jirgi su wuce wata, su ratsa taurari, su sauka a wata duniya mai rana biyu ko mai ruwan sama na ƙarfe, su ci karo da halittu masu ido a gwiwa. Duk unguwarmu a nan Lafia mai kumbo ake ce masa, 'yan okada ma in ka ce gidan mai kumbo ba sai ka ƙara kwatance ba. Aikinsa na gwamnati kuwa, kafin ya yi ritaya, a wata gonar gwaji ne a Shabu, yana auna doya da rogo. Shi ya sa duk duniyar da ya kai mutanensa, komai nisanta, da sun sauka za ka ji wani ya duƙa ya damƙi ƙasa ya ce wannan za ta yi doya. Na taɓa ce masa, "Malam, ka ƙona man kumbo, ka yi da mu tafiyar shekara dubu, ashe nan gonakin doyar Agyaragu za ka sauke mu." Ya ce ni ban fahimci kimiyya ba.

Saurin rubutunsa ne ke ba ni haushi. Mutumin da in na aike shi sayen tumatir sai miya ta gaji da jira, amma littafi sukutum sai ya gama shi kafin wata ya ƙare. Yana rubutu a layin banki, yana yi a wajen ɗaurin aure a bayan katin gayyata, ya taɓa tsayar da babur a hanyar Shabu ana tsuga ruwa don wata halitta ta faɗo masa a rai. Mai buga masa littattafai har roƙonsa yake yi: "Oga, ka bari wancan littafi ta ƙare a kasuwa tukuna mana, abi so kake injin ya mutu?" Da waya ta zo kuma sai abin ya zama gobara, samari da 'yan mata suka buɗe zaure musamman suna karanta shi suna neman ƙari. Ɗalibai sun zo har gida sun yi hira da shi, sun sha mini zoɓo jarka guda.

Duk wannan bai ishe shi ba, don akwai mutum ɗaya da bai taɓa jin ta ce uffan a kan rubutunsa ba. Mahaifiyarsa ce, Hajja, wadda ta dawo gidanmu da zama tun rasuwar mahaifinsa.

Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa irin mutanen da ce, kakanninta daga gabas suka zo da al'adarsu a ɗaure. Kunyar ɗan fari a wajenta ba wasa ba ce. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta zama hira in yana wurin. In tana son a gaya masa wani abu sai ta ce mini, "Ke 'yar nan, gaya wa mutumin gidan nan famfo yana yoyo," alhali yana tsaye a gabanta da bokiti. Ana yaye shi aka ɗauke shi aka kai Keana wajen wan babansa, can ya tashi cikin matan da ke dafa gishiri, sai da ya isa shiga sakandare ya dawo Lafia. Ya tarar da ƙannensa suna hawa cinyarta suna ja mata ɗankwali, shi kuwa iyakarsa gaisuwa daga bakin ƙofa.

Wata rana ya ce mini, "Madam, ni fa ba yabo nake nema ba. Ko cewa ta yi ƙarya nake shararawa, na gode. In dai san cewa abin ya taɓa shiga kunnenta." Namiji da furfura a gemu yana faɗin haka, wallahi tausayinsa ya kama ni, duk da ina cikin jin haushinsa a kan kuɗin cefane da ya sayo takardu da shi.

Ni na kawo dabarar. Hajja ba ta karatun boko, to sai a kai mata ta kunne. Ni malamar firamare ce, muryata tana kaiwa bayan aji har ta tsallaka na kusa. Muka tsara cewa kullum bayan la'asar zan zauna a gindin mangwaron tsakar gida in karanta abin da ya rubuta da ƙarfi, wai don mu kama kurakurai. Daidai lokacin ne Hajja ke fitowa ƙofar ɗakinta da tiren agushi tana ɓara, akuyarta ɗaure a turke a gefenta. Ba ta rabuwa da akuya, in wata ta tsufa 'yarta ta gaji turken. Sai ta ba mu rabin baya, Malam kuma ya buɗe jarida yana leƙenta ta saman shafi.

Haka muka yi shekaru. Na karanta yaƙe-yaƙen taurari har muryata ta dushe, na kwaikwayi maganar mutum-mutumi har maƙwabta suka aiko tambaya ko lafiya. Hajja ko gezau. In ta yi tari sai Malam ya raɗa mini cewa wurin nan ya taɓa ta, in ce masa mura ce, jiya ma na ba ta magani.

Ranar da abin ya fashe, sabon littafi nake karantawa. Akwai wani kyaftin da Malam ke ji da shi, ya sa shi a littattafai da yawa, jarumi ne mai gashin baki da ba ya kuskure. Na zo inda kyaftin ɗin ya tsaya a ƙofar kumbo yana bugun ƙirji yana cewa shi tunda yake tuƙi bai taɓa barin mutuminsa a baya ba. Sai muka ji tsaki. Hajja ta juya wajen akuyarta, ta miƙa mata ɓawon agushi, ta ce, "Ji maƙaryaci. Wasu mutane ba su tsoron Allah. A ɗauki ɗan mutane a kai shi sama, a aike shi ɗebo ruwa, a tada mota a bar shi da tulu a hannu. Yau shekara nawa, ba wanda ya ce ina yake."

Jaridar Malam ta faɗi ƙasa. Muka kalli juna, muka sulale ɗaki, muka jawo kwalaye muna atishawa. Can cikin littattafansa na farko-farko muka samo shi. Kumbon kyaftin ya sauka a duniya mai rana biyu, aka aiki mai girki ya nemo ruwa, sai masu ido a gwiwa suka kawo hari, kyaftin ya tada jirgi ya tsere. A babi na gaba kawai sai ga wani daban yana tuƙa tuwo. Malam ya manta da bawan Allah nan ɗungurungum, masu karatu ba wanda ya lura, ni da na karanta da bakina ban lura ba. Littafin kuwa tun autarmu tana goye na karanta shi, ga shi a lokacin tana shirin gama sakandare.

Malam ya zauna a bakin gado yana dariya hawaye na zuba. "Tana ji, Madam. Tun farko tana ji." Na ce to alhamdu lillahi, sai ka kama kanka. Ina, kafin in rufe baki ya fita ya durƙusa a gabanta ya ce, "Hajja, mai girkin nan kike nufi?" Ta ɗauke kai ta kalli katanga ta ce, "Ke 'yar nan, gaya wa mutumin gidan nan da akuyata nake magana."

Ɗan Adam ba ya ƙoshi. A da burinsa ya san tana ji, yanzu da ya sani sai ya koma son ya ji ta ce ya yi daidai, ko da ta bakin akuya ne. Washegari ya kawo mini gyara, sakin layi ɗaya rak: wasu matafiya sun bi ta duniyar nan sun tarar mai girki ya rasu cikin mutunci, da kalmar shahada a bakinsa. Na karanta da murya mai taushi. Hajja ta ce wa akuya, "Wa ya yi masa wanka? Wa ya sallace shi? Masu ido a gwiwar?" Malam ya karɓe takardar ya yaga.

Bayan kwana biyu ya dawo da wani. Wannan karon mai girki bai mutu ba, ya koya wa halittun miyar agushi, daɗi ya kwashe su suka naɗa shi sarki, suka ba shi 'yar tsohon sarkinsu. Ni kam gyaran ya burge ni, har na ƙara masa armashi wajen karantawa. Hajja ta bari na kai aya, ta ce wa akuya, "Oho, har da aure. Wa ya karɓa masa? Wa ya kai kaya? Sarki ba dangi, ranar Sallah da wa zai ci? In mutum ya bar ɗan mutane a daji, komawa ake yi a ɗauko shi, ba rawani ake aika masa ba."

Nan aka zo inda gizo ke saƙa, don Malam ya rantse dawo da shi ba zai yiwu ba. Wai bisa lissafin da ya kafa a littattafansa, duniyar nan tana da nisan da in mutum ya je ya dawo, zai tarar shekara ɗari uku sun wuce a gida, ba uwa ba uba, ko jikokin maƙwabta ba zai samu ba. In ya karya wannan, in ji shi, yaran nan na waya za su cinye shi ɗanye. Ya tsare ni a kicin yana yi mini bayanin gudun haske, manja yana ƙonewa a wuta. Na ce, "Malam, ni na yarda. Je ka gaya wa akuya."

Wasa na yi, amma bawan Allah nan ya ɗauki kujera 'yar tsuguno ya zauna a gaban akuya. Ya samo lemo ya ce wannan ce duniyarmu, ya samo ƙwallon mangwaro ya ce wannan ce waccan, ya yi ta zane a ƙasa da tsinke. Akuyar ta saurare shi da natsuwar da ɗalibaina ba su taɓa ba ni ba, sannan ta miƙa wuya ta cinye duniyarmu. Hajja ba ta ɗago daga tirenta ba ta ce, "Wanda ya iya sa ƙarfe ya zubo daga sama kamar ruwa, 'yan shekaru ne za su gagare shi? Ba a dai yi niyya ba."

Karo na farko a rayuwarsa rubutu ya tsaya masa. Damina ta shigo, aka yi shuka, masara ta kai gwiwa, Malam yana zaune da biro a baki. Mai buga littattafai da ke roƙon a sassauta masa shi ne ya zo da kansa yana tambaya ko Oga ba shi da lafiya. Ni kuma ga shi a gida wuni guda yana bin bayana da tambaya, wai in ni ce aka bari a wata duniya me zan fara yi. Na ce barci, don can ba mai tambayata.

Ana cikin haka akuyar ta tsinke igiya ta shiga falo ta cinye takardun jarrabawar 'yan ajina, rabin aji ba sakamako. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ni in raina ya ɓaci ba na shawara da kowa. Na je na durƙusa na ce wa Hajja akuyar nan tana bukatar kiwo mai kyau, bari a kai ta gonar ƙanena a Agyaragu ta sha iska. Ta ce, "Yadda kuka gani." Kafin azahar an sa ta a motar doya.

A makon ne kuma Allah ya buɗe wa Malam. Ya ƙirƙiro wata ƙofa a sararin sama da ke taƙaita hanya, irin yadda 'yan okada ke bi ta lungu in titi ya cushe, ya fara rubutu ba ji ba gani. Da la'asar na zauna na karanta babin farko. Hajja tana wurinta, tire yana cinyarta, turke ba kowa. Na gama, shiru. Washegari na karanta na biyu, shiru, sai ƙarar ɓawon agushi. Ta buɗe baki sau ɗaya, ta kalli turken, ta mayar ta rufe. Malam ya biyo ni ɗaki idonsa jajir ya ce, "Madam, kin kori editana." Na ce editan da ya ci jarrabawar yaran mutane. Nan take ya tada babur ya nufi Agyaragu.

Da magariba ya dawo da akuya ɗaure a bayansa da zanena, kamar goyo, tana kuka yana ba ta haƙuri. Rigarsa kam akuyar ta ɓata ta daga baya, ba ta moruwa. 'Yan okadan bakin layi suka raka shi da ham har ƙofar gida suna cewa mai kumbo ya sauko da fasinja. Na kwance ta, Hajja ta karɓi igiyar daga hannuna, ta duba kunnuwan akuyar da haƙarƙarinta, ta ce mata, "Ke dai an je an ɗauko ki."

Daga nan aiki ya miƙe. Kullum babi, kullum akuya tana shan sharhi. An gaya mata guzurin da aka ɗiba ya yi kaɗan, an gaya mata kyaftin bai nemi gafara yadda ya kamata ba, sai da Malam ya sa shi ya cire hula ya tsuguna. Amma kalmar da yake jira ba ta fito ba, kullum sai dai gyara.

Babin ƙarshe a baranda na karanta shi, don ana yayyafi. Tun da na duba shi da safe na san akwai magana, domin Malam ya ƙara wani abu da babu shi a tsohon littafin: ya mai da mai girkin ɗan fari. Kumbo ya sauke shi a bayan gari, ya tako da ƙafa har ƙofar gidansu. Uwarsa tana tankaɗe ta hango shi, ta watsar da rariya, ta fito a guje ba ɗankwali, tana kiran sunansa tana ƙarawa, ta rungume shi a gaban jama'a tana kuka. Ina karantawa na san ba mai girki Malam ya rubuta ba. Shi kuwa ya ɓuya a bayan jarida, yatsunsa kawai nake gani.

Na kai ƙarshe. Hajja ta ce wa akuya, "An dawo da shi, an kyauta. Amma nan wurin an yi ƙarya. Ɗan fari ne fa. Uwarsa ba za ta yi gudu ba, ba za ta kira suna ba. Za ta ce an dawo lafiya, ta shige ɗaki."

Jaridar ta sauko a hankali. Na ga fuskar Malam, na ji kamar in tashi in bar wurin. An ce ya kyauta, abin da ya shekara yana jira, amma ko alamar murna babu. Ya juya wajen akuyar, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce, "Tambaye ta. Duk shekarun da ya yi a can, uwar ba ta damu ba ke nan?"

Hannun Hajja ya tsaya a cikin tire. Ta gyara zaman mayafinta, ta kafa wa akuyar ido.

"Gaya masa wanda bai sani ba shiru yake yi. Duk ranar kasuwa tana zuwa wajen matan Keana masu gishiri. Ta saya, ko da akwai a gida. Ta ce ya garin, ya ruwa, yara dai ba ciwo? Yaran gari duka take tambaya, don ba halin ta ware ɗaya. Gishiri ya cika tukwane har mai gidan ya yi faɗa, ta koma rabawa maƙwabta a ɓoye. Shekarar da aka ce ƙyanda ta shiga garin, ta ce za ta gaisuwar mutuwa, ta bi motar masu gishiri. Ba ta shiga gidan ba. Ta tsaya bayan wata rumfa inda ake dafa gishiri, ta hango shi yana gara murfin tukunya, lafiyarsa ƙalau. Ta juyo a motar yamma."

Babu Keana a littafin nan, babu gishiri, babu ƙyanda. Ni dai na riƙe takardun na sunkuyar da kai, yayyafi yana jiƙa mini ƙafa ban janye ba.

Malam, mai cika kwali da magana, 'yar tambaya ɗaya kawai ya samu. Ya ce wa akuyar, "Wace riga ce a jikinsa?"

"Ba riga," in ji Hajja. "Tumbur yake, ga sanyin damina. Shi ya sa kasuwar da ta zagayo ta ba wata mai gishiri riga ta kai masa, ta ce kar a faɗi daga inda ta fito."

Malam ya ɗaga jaridar ya rufe fuskarsa. Daga bayanta na ji yana cewa shuɗiya ce mai aljihu ɗaya, an ce masa wani baƙo ne ya manta da ita, ta kai masa har gwiwa, ya yi ta sawa har kansa ya daina shiga.

Hajja ta ɗebi agushi ta ci gaba da ɓara. Ta ce wa akuyar, "Da girma na saya, don ta daɗe masa."